Kaset ɗin Makaɗan Zamfara da Manhajojin Sauti Masu Buɗaɗɗen Tushe

Duk mai nazarin waƙar baka ya san nauyin da ƙasar Mafara da Bakura da Maradun take da shi a tarihin kiɗan fada. A Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, Sa'idu Faru kuma daga Faru ta ƙasar Maradun ya fito, ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙoƙi yana Sarkin Kudu, sarautar da ya riƙe a Talata Mafara. An rubuta kundaye masu yawa a kan waɗannan makaɗa, musamman bayan da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanya a *Jagoran Nazarin Waƙar Baka*. Sai dai galibin aikin a kan matanin da aka kwafa a takarda yake tsayawa. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da sassan Hausa za su ɗauki sautin kansa a matsayin matanin farko, su kuma koyar da manhajojin da ake adana shi da su.

Takarda ba ta riƙe karin sauti ko tsayin wasali, balle rauji da yadda kotso yake bin muryar jagora. Tun 1980 Ɗalhatu Muhammad ya jawo hankali ga amsa-amon kari, amma ɗalibin da ke son tabbatar da shi a waƙar Ɗanƙwairo da kunne kaɗai yake dogara. Kuma mai kwafar da ya tashi da Kananci yakan mayar da "hw" ta Zamfarci "f" ba tare da ya lura ba.

Kayan aikin suna nan kyauta, kuma ba sa buƙatar intanet da zarar an sauke su. Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fitar a 2000, tana ɗaukar sauti daga rikoda zuwa kwamfuta. Praat, ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam, tana zana hawa da saukar murya, tana auna tsayin wasali. ELAN, ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, tana ba da damar a ɗaure kowane ɗan waƙa da daƙiƙar da aka rera shi, a ware layin jagora daga na 'yan amshi. FFmpeg kuwa ɗakin ajiya ne na dabarun sauya fasalin sauti, wanda manhajoji da yawa suke jingina da shi.

Wani zai ce ai situdiyo cike suke da manhajojin kasuwanci da aka fasa wa makulli, kuma suna aiki. Gaskiya ne, amma jami'a ba ta gina taskarta a kan kayan sata. Baya ga haka, lasisin buɗaɗɗen tushe yana hana kamfani ɗaya ya riƙe wa jama'a wuya. Da Muse Group ya karɓi Audacity a 2021 aka yi ce-ce-ku-ce a kan tattara bayanan masu amfani da ita, wasu suka kwashi tushen suka ci gaba da shi da sunan Tenacity. Wannan lasisi shi ne kuma ya halatta wa duk sashen da ya ga dama ya fassara fuskar manhajar zuwa Hausa.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen kwafa. Abin da ke yawo a wayoyi da katin memori MP3 ne, fasalin da ke zubar da wani ɓangare na sauti don fayil ya ƙanƙance, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Ƙungiyar taskokin sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a gaza kilohaz 48 da bit 24. Sa'a ɗaya a wannan ma'auni, da tasha biyu, tana cin kimanin gigabayit 1, FLAC kuma yana rage shi kusan rabi ba tare da asara ba. Kada a taɓa kwafin asali. Maɓallin rage ƙara na Audacity yana da daɗin sha'ani, amma idan aka matsa shi yakan haɗa da amon kotso ya share. A yi gyara a kwafi na biyu. Ita ma Praat tana rikicewa inda jagora da 'yan amshi da kiɗa suka haɗu, don haka zanenta shaida ce da sai kunnen Bazamfare ya tantance ta.

Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, inda ake koyar da ilimin kwamfuta. Rikoda mai lafiya, da na'urar shigar da sauti, da ma'ajiya biyu a garuruwa daban-daban sun isa a fara, idan wani sashen Hausa ya kawo masu sanin waƙoƙin. Kaset ɗin suna hannun iyalan makaɗa da fadawa da tsofaffin masu sayar da kaset, a yankin da rashin tsaro ya raba mutane da gidajensu, zafi da ƙura kuma suna cin zaren. A rubuta yarjejeniya da magada kafin a kunna rikoda, a mayar musu da kaset ɗinsu tare da kwafi, domin izinin adanawa daban yake da izinin ɗorawa a YouTube.