Injin motata ya buga: in sauya, in gyara, ko in haƙura?

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba wani abu ne ya ɓoye ni ba illa zaryar garejin kanikawa na Apo. Motar nan da na taho da ita lokacin da na tattaro komatsaina daga Amurka a 2021, wato Ford Mustang ƙirar 2016, ita ce ta kwanta. Yau wata uku ke nan tana lulluɓe da tamfol a gindin wata darbejiya, injin kuma yana gefe a kan tsohuwar taya, yaran gareji suna ɗora masa kwanon abinci.

Masu son mota na can za su ce tawa ba ta cikin manyan ƙarfafa na gaske, tunda silinda huɗu gare ta ba takwas ba. Su dai suka sani. Injin lita 2.3 ne mai turbo, wanda aka fara sa wa Mustang a ƙirar 2015, yana ba da ƙarfin doki 310. Kuma ba sabon abu ba ne, domin tun 1984 aka yi Mustang SVO mai irin wannan girman inji da turbo, ga Buick Grand National ta 1987 da ta ba masu silinda takwas kunya da shida kacal. Amfanin turbo shi ne hayaƙin da zai fita ta salansa yana juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta cusa iska da ƙarfi cikin inji, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Illarsa kuwa zafi da matsi. Inji irin wannan ba ya yafe ganganci.

Gangancin kuma nawa ne, gara in faɗa da bakina. Ina can na sa aka taɓa kwamfutar motar domin a ƙara mata ƙarfi, aka daidaita ta da fetur mai lamba 93. Lambar da ke jikin famfon mai a Amurka ba iri ɗaya ba ce da wadda ake ƙirgawa a nan, 93 ɗinsu ya kai wajen 98 a namu lissafin. Mu kuwa fetur ɗaya ne a kowane gidan mai, ba a tambayarka wanne kake so. Na san da haka, na yi ta cewa zan mayar da kwamfutar yadda take, ban yi ba. Ga bakin mai: littafin mota ya ce 5W-30, amma sau biyu ina barin wani yaro ya zuba mai kauri 20W-50 wai shi ya dace da zafin ƙasarmu. Rannan cikin watan Maris, bayan na sha cunkoson Nyanya har allurar zafi ta ɗaga, na samu sarari a hanyar filin jirgi, ina giya ta shida na take totur. Sai na ji ƙas-ƙas kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, farin hayaƙi ya turnuƙe bayana. Man ya kama wuta kafin lokacinsa, fistin na uku ya tsage, ya kuma karce bangon silinda.

Da aka sauke inji, maigidan garejin, dattijo ne da ya fara koyon aiki a kan Peugeot, ya dube ni ya ce, "Alhaji, hanyoyi uku ne, kowacce da ciwonta." Daga ranar nake lissafi.

Ta farko ita ce wadda kowa zai fara ba ka shawara a Abuja: sayi ɗan Beljiyam ka huta. Ga mai Corolla ko Camry wannan magana ce mai kyau, domin injinansu jibge suke a Apo, da Ladipo a Legas, da Ƙofar Ruwa a Kano, in wannan bai yi ba gobe a canza maka wani. Nawa kuwa sai an yi cigiya. Wani dila ya ce zai samo mini daga Legas a kan naira miliyan shida, da garantin mako ɗaya. Mako ɗaya fa! Ɗora injin kaɗai da haɗa wayoyinsa zai cinye kwana huɗu. Na duba ta can ƙetare, na ga na motocin da suka yi haɗari a kan dala 3,500 ko sama. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, da wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma tun da aka saki naira a Yunin 2023, har ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kowace dala sai ka ji ta a ƙirji. In an haɗa da kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na mai fito da kaya, lissafina ya tasam ma miliyan takwas. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Wanda ya sayi Mustang mai turbo a Amurka ba don kai yara makaranta ya saye ta ba. Akwai yiwuwar injin da zan saya ya sha irin azabar da na ba nawa, kuma ba mai gaya mini. Sayen kifi a ruwa ke nan.

Ta biyu na ji ta ne daga bakin wani matashin bakanike da ke leƙowa daga rumfar kusa. "Oga, a cire wannan wahalar a dasa mata injin Toyota, miliyan biyu da rabi ka tashi." Ban raina shi ba, na ga irin dashen da suke yi, kuma motocin suna tafiya. Sai dai a wannan motar inji da giya da birki da allon gaban direba duk magana suke da juna ta kwamfuta. Ka raba su, fitilun gargaɗi su kama kamar ana biki, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba mai kallonta. Wannan ban ɓata dare a kanta ba. Haka ma abokina da ya bugo daga Ohio yana cewa in sa mata babban V8 mai lita 5, na ce ya fara aiko kuɗin fetur tukuna.

Ta uku ita ce a gyara wanda ke ƙasa, kuma a nan ne na fi daɗewa, don a nan ne ra'ayina ya bambanta da na yawancin waɗanda na yi shawara da su.

Mahaifina yana da Peugeot 504 haɗin Kaduna, kuma na taso ina ganin ana yi wa injinta garambawul a ƙofar gida, a kan buhu. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne silindar 504 zare ta ake yi. Ka sayi fistin da layina da zobe a kwali guda, ka cire tsofaffi ka zura sababbi, inji ya dawo ɗanye. Kanikawanmu a wannan makarantar suka yi karatu, hannunsu kuma ya faɗa. Amma injina na alminiyam ne, bangon silindar a cikinsa aka zuba shi tun daga masana'anta. In ya karce sai an kai wa mai injin ƙira ya rarake shi daidai da sabon fistin, tazarar da ake nema kuma ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ido ba ya ganinta, yatsa ba ya jinta. Haka ƙusoshin kan silinda, akwai ma'aunin ƙarfin da ake ɗaure su da shi da kuma jerin da ake bi, kuma in an kwance su ba a mayar da tsofaffin.

Don haka da mutane ke ce mini "ba a iya gyaran irin wannan injin a Najeriya", ni ban yarda ba. Abin da na gani a Apo shi ne gwaninta tana nan, ma'auni ne ya yi ƙaranci, mu masu motoci kuma muna da hannu a ciki. Mutum zai biya dila miliyan shida bai yi tari ba, amma bakanike ya ce a ba shi dubu ɗari uku kuɗin aikin mako biyu sai a hau ciniki kamar ana sayen tumatir. Wanda ake biya haka da me zai sayi abin awo? Dole ya ɗaure ƙusa da ƙarfin damtse ya ce Allah Ya kiyaye. Mu 'yan dawowa daga waje mun fi kowa wannan hali. A can mun biya dala ɗari da wani abu a kan awa guda ba mu ce uffan ba, mun dawo gida muna ganin kowa cutarmu zai yi.

Lissafin gyaran ga yadda ya kama. Fistin huɗu masu ƙwari da sandunansu, da zobba, da metal, da gaskit, da sababbin ƙusoshi, wajen dala 2,000. Rarake bulok da goge kan silinda da kuɗin aiki, kusan miliyan ɗaya. Sai turbo, wanda dole a buɗe a duba, domin ɓurɓushin ƙarfe ya bi bakin mai ya zaga ko'ina, in ya taɓa shi wani kuɗin ne. Jimla miliyan huɗu da rabi in an yi sa'a. In kuma aka auna aka ga bulok ya tsage, to na yi asarar kuɗin awo na koma kan maganar dila. Wannan kasadar na san da ita. Amma aƙalla zan san abin da ke cikin injina ƙusa bayan ƙusa.

Akwai ta huɗu da dattijon bai lissafa ba, uwargida ce ta kawo ta muna cin tuwon dare. Ta ce, "Baban yara, ka sayar da ita a yadda take mana. Kuɗin makarantar Satumba fa ba ya jiran fistin." Ban da amsa mai ƙarfi. Yayana ma da na je Zariya cewa ya yi, "Kai dai ka dawo da jikinka, hankalinka yana can." Wataƙila suna da gaskiya. Mota ce mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa, kowane tudun rage gudu na Gwarinpa sai ta gaishe shi da cikinta. Amma na tambayi masu saye, abin da suka taya da mataccen inji bai kai rabin kuɗinta ba, ko sayarwar zan yi gara ta tashi da ƙafarta. Wannan ce hujjar da na ba uwargida. Wadda ban faɗa mata ba ita ce, shekara uku na yi ina aikin dare a wani sito cikin sanyin Ohio kafin na biya bashin motar nan, kuma ita kaɗai ce abin da na dawo da shi wanda ba takarda ba.

Mun yi yarjejeniya: ba za a taɓa kuɗin makaranta ba, kuma in gyaran ya haura miliyan biyar a tsaya. Na sayi ma'aunin ɗaure ƙusa da na awon silinda na damƙa wa dattijon, na ce in an gama aiki nasa ne. Ya juya su a hannu ya ce, "Alhaji, ashe za mu koma makaranta." Kwamfutar kuwa za a mayar da ita yadda masana'anta ta saita ta kafin a tayar da injin ko sau ɗaya. Ranar Litinin bulok zai tafi Kaduna wurin mai injin ƙira, sai ya auna ya bugo waya sannan zan yi odar fistin. Kafin nan, in kun ga wani dogo a tsohuwar Corolla ta matarsa yana bin hannun dama a hanyar filin jirgi, ni ne.