BIYAN ALBASHI DA NA'URA: INA AKA CI RIBA, INA AKA YI TUNTUƁE?

Tun daga watan Afrilu na shekarar 2007, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fara gwada tsarin biyan albashi da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau wanda aka fi sani da IPPIS, gardama a kansa ba ta lafa ba a ofisoshi da jami'o'in ƙasar nan. Waɗansu na ganin shi ne ya toshe babbar kafar da dukiyar jama'a ke zurarewa ta cikinta. Waɗansu kuwa ba su tuna shi da kome sai watannin da suka yi babu albashi, suna karɓar hatsi bashi wurin mai kanti. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ya dace ma'aikata da ɗalibai su san yadda al'amarin ya gudana, domin kuwa wannan ba shi ne babban tsarin kwamfuta na ƙarshe da za a ɗora wa aikin gwamnati ba.

Tsofaffin ma'aikata sun san yadda ake yi a da. Kowace ma'aikata ita ke rubuta sunayen mutanenta, ta faɗi adadinsu, a ba ta kuɗin a dunƙule ta raba. Babu wani ofis guda a ƙasar da zai iya faɗin yawan mutanen da gwamnati ke biya ba tare da ya dogara ga abin da ma'aikatun suka rubuto masa ba. A irin wannan hali, wanda ya mutu yakan ci gaba da karɓar albashi, wanda ya yi ritaya ma haka, har da wanda ba a taɓa haihuwarsa ba. Ba wata dabara mai zurfi ake bukata ba: akawu ɗaya, mai binciken kuɗi ɗaya da mai sa hannu ɗaya in sun haɗa baki, magana ta ƙare.

Maganin da aka kawo, da taimakon Bankin Duniya, shi ne a tara sunan kowane ma'aikaci a rumbu guda, tare da hotonsa, zanen yatsunsa, ranar haihuwarsa, ranar da ya kama aiki da matakin albashinsa, sa'an nan kuɗinsa ya tafi kai tsaye zuwa asusunsa na banki. An fara da ma'aikatu da hukumomi 7 kawai, cikinsu har da na Ilmi, Kuɗi, Ayyuka da Harkokin Waje, daga baya aka miƙa ragamar aikin ga Ofishin Babban Akanta na Tarayya. Wannan farawa da kaɗan-kaɗan ita ce shawara mafi hikima da aka yanke a duk tarihin tsarin, kuma abin takaici ne da ba a riƙe ta ba har ƙarshe.

Ribar ba abin musu ba ce. Kafin ƙarshen mulkin Shugaba Jonathan a 2015, Ministar Kuɗi, Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ta ba da sanarwar cewa an share sunayen bogi fiye da 60,000. A watan Fabrairu na 2016 kuma Ma'aikatar Kuɗi, a ƙarƙashin Madam Kemi Adeosun, ta ce an sake cire sunaye 23,846, abin da ya rage Naira biliyan 2.29 daga kuɗin albashi na kowane wata. Wannan karo na biyu an yi shi ne da taimakon lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014, domin ita ce ta tona yadda albashin sunaye da yawa ke zubawa a hannun mutum guda. Ko da mutum yana da shakka a kan alƙaluman da gwamnati ke faɗa game da kanta, hikimar abin a fili take: yatsa ɗaya ba ya zama na mutum biyu.

To amma ranar da aka ƙaddamar da irin wannan tsari ba ita ce ranar gama aiki ba, ita ce ranar da wahala ke farawa. Na'ura ba ta san kowa ba, abin da aka shigar mata shi take bi. Fayil ɗin ma'aikaci da ya yi shekaru a kan kanta, wanda aka rubuta ranar haihuwa iri biyu a cikinsa, ko aka rubuta Muhammadu a takardar kama aiki, Mohammed a banki, akawun da can yakan duba ya gane mutum ɗaya ne ya wuce. Na'ura ba ta wucewa. Sai ta tsayar da albashin, ko ta biya mutum a matakin da ya bari tun shekaru uku, ko ta cire kuɗin ƙungiya da na adashin ma'aikata alhali ba su isa inda aka nufa ba a kan lokaci. Irin waɗannan koke-koke ƙungiyoyin ma'aikata sun sha kai su gaban hukuma.

Kuskuren kansa ba shi ne abin zargi ba, domin babu tsarin da za a zuba wa dubban ɗaruruwan sunaye a ce ba a sami tangarɗa ba. Abin zargin shi ne nisan da aka sa tsakanin mai kuka da mai gyara. A da, masinjan da aka rage wa albashi yakan taka zuwa ofishin ma'aji a bene na biyu. Da aka tattara kome a Abuja, sai ya zama ƙaramin ma'aikaci da ke Gusau ko Damaturu zai rubuta takarda ta bi ta hannun shugabansa, ta je hedkwatar ma'aikatarsa, daga nan ta nufi Ofishin Babban Akanta, shi kuwa yana zaune yana jiran wata ya mutu ya ga ko an gyara. Wanda ya gaji da jira ya hau mota, wani lokaci kuɗin mota da na masauki sun fi abin da yake bi. Manyan ma'aikata suna da wanda za su buga wa waya. Mai matakin albashi na 04 ba shi da kowa.

Inda tuntuɓen ya fi muni shi ne jami'o'i. A watan Oktoba na 2019, a jawabinsa na kasafin kuɗi, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarni cewa duk ma'aikacin Tarayya da bai shiga IPPIS ba kafin ƙarshen watan, a tsayar da albashinsa. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ce ba ta shiga. Hujjarta ita ce an ɗinka tsarin ne daidai jikin ma'aikatan sakatariya, waɗanda ke ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, alhali farfesa doka ta ba shi har shekara 70. Bugu da ƙari, jami'a na rayuwa ne da malaman ziyara, da masu hutun bincike na shekara guda a wata jami'a, da masu duba jarrabawa daga waje, kuma dokar 2003 ta ba majalisun gudanarwa na jami'o'i ikon tafiyar da al'amuransu. Ita kuwa gwamnati ta yi zargin cewa a bayan wannan 'yanci ne ake ɗaukar ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba, kuma ake samun mai karɓar cikakken albashi a wurare da dama.

Idan aka auna da adalci, gwamnati tana da gaskiya a kan manufa, domin mai ba da kuɗi yana da haƙƙin sanin wanda yake biya. Malaman kuma suna da gaskiya a kan yadda aka gina manhajar. Laifin gwamnati shi ne ta sa wa'adi kafin ta yi gyara; ba a fafe gora ranar tafiya. ASUU ta fito da tata manhajar mai suna UTAS, aka shiga gwaji da jayayya a kan sakamakon gwajin, aka yi yajin aikin wata 9 a 2020 da na wata 8 a 2022. Gaskiya ne akwai waɗansu dalilai a cikin yajin, kamar yarjejeniyar 2009 da kuɗin gyaran jami'o'i, kuma annobar korona ta rufe makarantu a wani ɓangare na 2020, amma batun IPPIS yana kan gaba a duka biyun. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da jami'o'i, kwalejojin fasaha da kwalejojin ilmi daga tsarin. Watau bayan shekara 4 ana ja-in-ja aka dawo kusa da inda aka tashi, kuma ɗalibai ne suka biya kuɗin wannan zagaye da shekarun rayuwarsu.

Kada a ɗauka wannan ciwo na Nijeriya ne ita kaɗai. A 2016 gwamnatin Kanada ta ƙaddamar da nata tsarin albashi mai suna Phoenix, wanda kamfanin IBM ya taimaka wajen kafawa, domin biyan ma'aikata kusan 300,000. An yi kasafin dalar Kanada miliyan 310, da fatan za a riƙa tsimin miliyan 70 kowace shekara. Tun kafin tsarin ya zauna aka rage ɗaruruwan ƙwararrun akawunan albashi, aka tattara aikin a wani ƙaramin gari mai suna Miramichi. Cikin 'yan watanni ma'aikata kimanin 80,000 suka sami matsala: wani an biya shi fiye da kima, wani ƙasa da haƙƙinsa, wani ko kwabo. Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar ya gano a 2018 cewa jami'an da ke kula da aikin sun rage gwaji, sun soke shirin fara gwadawa a ma'aikata guda, duk domin kada a wuce wa'adi da kasafi. Gyaran ya ci biliyoyin daloli. Ƙasa ce mai wutar lantarki dare da rana da ƙwararru jibge, amma gaggawa da sallamar masu sanin aiki sun kayar da ita.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Tara sunaye a rumbu guda ya rage yawan ƙofofin sata, amma ya mai da ƙofar da ta rage ta zama babba. Wanda ke riƙe da mabuɗin shigar da suna a cibiya yana iya yin ɓarnar da akawu ɗari ba su iya yi a da ba. Saboda haka tilas ne mai shigar da suna ya zama daban da mai amincewa, kowane canji ya bar sawun wanda ya yi shi, kuma Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya riƙa bin wannan sawu a kai a kai, ba sai abin kunya ya fito a jarida ba.

Gwamnatocin jihohi da hukumomin da ke shirin kafa irin wannan tsari, ko sauya wanda suke da shi, ya kamata su tsabtace fayilolin ma'aikata tukuna, su bar tsohon tsari da sabo su yi tafiya tare na 'yan watanni ana kwatanta sakamakonsu suna bayan suna, kuma kada a taɓa akawun albashi ko ɗaya sai an ga sabon ya tsaya da ƙafafunsa. Ita kuwa Gwamnatin Tarayya, tana da ofisoshin biya a manyan biranen jihohi. Babu dalilin da zai hana a ba jami'an da ke can ikon gyara ƙananan kurakurai, a kuma ƙayyade kwanakin da ba za a wuce ba kafin a amsa kuken ma'aikaci, tare da biyansa wani abu na wucin gadi idan laifin ba nasa ba ne.

Su ma jami'o'i da suka sami abin da suka nema, nauyi ya dawo wuyansu. Majalisun gudanarwarsu su buga yawan ma'aikatansu da jimillar albashinsu kowace shekara, su buɗe littattafansu ga masu bincike, su kuma haɗa kowane suna da lambar BVN da lambar shaidar ɗan ƙasa. Idan aka sake samun sunayen bogi a wata jami'a, wannan karon ba Ofishin Babban Akanta za a tambaya ba, shugaban jami'ar da ma'ajinta za a tambaya.