Kafin rabon asusu, su wa za su duba kaye da akwati?

Ƙungiyoyi da dama sun soma zancen rabo. To kafin a zazzage akwati, akwai aikin da muke yi wa sakaci: zaɓen matan da za su binciki kaye da kuɗi.

Tun da aka soma Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, ƙarfin asusu shi ne komi a idon kowa ake yin shi. Amma ganin zubin mako daban, bin sawun lissafin shekara guda daban.

Mu mun taɓa yin kuskure. Muka ce a ba manya girmansu, aka sa dattijuwarmu, da ƙanwar ma'ajiya, da ni kaina, alhali ni ke riƙe da kaye lokacin. Kun ji fa, ni na rubuta, ni kuma zan duba! Dattijuwa ba ta son ɓata ran kowa, ƙanwa ba ta iya ɗaga ido ta tambayi yayarta. Muka ce komi daidai. Ranar rabo sai ga jika 15 babu. Ashe ba sata ba ce, bashi ne aka ba wata ranar da ban zo ba, ba a rubuta ba. Amma kafin a gano, ma'ajiya ta yi mako biyu ba ta fita ko rijiya don kunya, har maigidanta ya ce ta bar ƙungiyar.

Tun daga nan, mata uku muke zaɓa a gaban taro. Ban da ƴan biro, ban da masu riƙe makullai, ban da ƴar uwa ko kishiyar ma'ajiya, don ɗaya za ta rufe, ɗaya za ta ƙara gishiri. Wadda ake bi babban bashi ita ma ta dakata bana. A samu wadda ta yi karatun manya, da ƴar kasuwa mai saurin ƙirga, da wadda ba ta jin nauyin cewa "ban gane ba, a sake".

Zaɓe kaɗai bai isa ba. Mako guda kafin ranar, su zauna a karanta musu dokokin ƙungiya: nawa ne zubi, nawa ne riba, nawa ne tarar makara. Su kuma shirya da wane lissafi za su yi magana. Baki yana cewa dala ɗari, kaye yana rubuta 500. Na ga mata sun kusa dambe a kan wannan, alhali kuɗin suna nan cif. Kuɗin taimakon ciwo da haihuwa a ƙirga su daban, kada a haɗa da na zubi. Kowace mai bashi a tambaye ta da bakinta nawa ya rage mata, a gwada da abin da ke rubuce.

A faɗa wa ma'ajiya ranar tun da wuri, ba tarko ake ɗana mata ba. Abin da aka gani kuma, kan tabarmar taro ake faɗin shi, ba wurin daka ba.

In duk kun zama dangin juna, kamar yadda yake a ƙananan garuruwa, ku aro mace ɗaya daga ƙungiyar maƙwabta. Mu bana haka muka yi, in nasu ya zo mu ma za mu aika musu tamu.