Jonathan Swift da hotunansa: wanne ne nasa na gaskiya?

Wasunmu sun karanta Gulliver's Travels a sakandare, labarin mutumin nan da ya faɗa ƙasar mutane 'yan mitsi-mitsi. Marubucinsa Jonathan Swift ne, mutumin Dablin ta ƙasar Ailan, an haife shi a 1667, ya mutu a 1745. Limamin coci ne, shi ke shugabantar majami'ar St Patrick tun daga 1713. Yau a kan hotunansa nake so in yi magana.

Hoton da aka fi sani shi ne wanda abokinsa Charles Jervas ya zana da fenti wajen 1718, yana nan a gidan ajiye hotuna na Landan. Mutum ne zaune da alƙalami, ga hular gashi irin ta manyan Turawan lokacin, ga farin ƙyalle na limamai a wuya, fuska a natse. Wallahi in ka gan shi ba za ka ce shi ne ya rubuta a 1729 cewa talakawan Ailan su sayar wa masu kuɗi jariransu a ci ba. Gatse ne yake wa masu mulki, amma gatse mai ɗaci. Wannan ɗacin babu shi a hoton Jervas ko kaɗan.

Ni a ganina hotunansa na gaskiya su ne waɗanda suka biyo bayan rigimar kwabo. A 1722 gwamnatin Ingila ta ba wani ɗan kasuwa William Wood izinin buga kwabban tagulla ya zuba a Ailan, ba tare da an nemi shawarar mutanen ƙasar ba. Duk wanda ya tashi a rumfar kasuwa ya san abin da ake tsoro: ka ba da kaya mai kyau, a ba ka kuɗin da gobe wani zai ƙi karɓa. Sai Swift ya shiga rubuta wasiƙu a 1724 da sunan wani mai sayar da yadi, M. B. Drapier, yana ce wa jama'a kada kowa ya taɓa kuɗin. (Isaac Newton ya gwada kwabban ya ce tagullar ba ta da laifi, amma wa ya saurare shi?) Hukuma ta kama mai buga wasiƙun, ta sa fam 300 ga duk wanda ya tona marubucin. Dablin ta san ko wane ne, amma ba a samu wanda ya buɗe baki ba. A 1725 aka soke izinin Wood.

Daga nan masu shaguna da mashaya suka riƙa rataya allo mai hoton kan Drapier a ƙofa. Babu wanda ya biya su, ba kuma kalandar ɗan takara ba ce da ake rabawa da sabulu. Ga kuma masu sassaƙa hoto a farantin tagulla, su shafa tawada su buga a takarda ɗari-ɗari, wanda ba shi da kuɗin fenti ma ya samu nasa. Fenti ɗaya ne tak, yana falon mai kuɗi. Na takarda kuwa har ɗakin mai wanki.

Wani zai ce ai masu sassaƙar daga fentin suka kwafa, don haka fenti ne asali. Haka ne, Pierre Fourdrinier ma daga Jervas ya ɗauko nasa. Amma shi kansa fentin daga baya bin kasuwa ya yi. A 1735 Francis Bindon ya zana Swift a tsaye, wasiƙar Drapier a hannu, Wood yashe a ƙarƙashin ƙafarsa. Wato sai da talakawa suka fara faɗin ko wane ne shi, sannan manya suka sa aka zana musu hakan.

Abin da ya fi ba ni dariya: a 1978 Ailan ta sa fuskarsa a takardar fam 10, mutumin da ya yi suna wajen hana mutane karɓar kuɗi. Tana nan har 1993, lokacin da aka musanya shi da James Joyce.