Ilmin Kula da Muhalli da Harimin Rafi a Abuja

A kowace shekara, idan jami'o'i suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, ba a rasa wani uba a Gwagwalada ko Kubwa wanda ya ɗora wa ɗansa burin zama likita ko lauya, sai ya tarar an ba yaron ilmin kula da muhalli, ya karɓi labarin kamar an yi masa rasuwa, yana tambaya ko shekara huɗu za a kwashe ana koyon kwasar shara. Ni kuwa a ganina, a wannan birni musamman, ilmin nan ya kai matsayin abin da malamai ke kira farillar kifaya, wadda idan kowa ya yi watsi da ita, alhakin ya hau wuyan jama'a baki ɗaya.

Abuja ba ta girma sannu a hankali cikin ganuwa kamar Kano ko Katsina ba. A takarda aka fara haihuwarta, da dokar Janar Murtala Muhammad ta 3 ga Fabrairu 1976, sannan da babbar taswirar 1979, wadda ta keɓe kwaruruka da bakin rafuka ta bar su fili, domin masu zanen sun san cewa ruwan da ke gangarowa daga duwatsu da damina yana da hanyarsa tun zamanin da Gbagyi ke noman doya a wurin. Fukaha'unmu ma sun riga su, da babin da suka yi wa harimi, wato filin da ke kewaye da rijiya ko kogi, wanda ba ya halatta wani ya mamaye shi da abin da zai cuci sauran masu hakki. Amma tun da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, fili ya yi daraja, aka yi ta yanka harimin nan fuloti-fuloti, har ta kai ga a watan Yuni 2023 ambaliya ta shanye gidaje da motoci a rukunin Trademore da ke Lugbe, mutanen Lokogoma kuwa sun daɗe da sanin fargabar ganin hadari ya haɗo.

Ba doka muka rasa ba. Bayan da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988, shekarar da aka kafa Jami'ar Abuja, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 aka wajabta binciken illar kowane babban aiki kafin a soma shi. A 2007 kuma hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ta zo. Abin da ke da ƙaranci shi ne masanin da zai duba fili ya ce a nan ba a gini, ya kawo hujjar da ba ta tunkuɗuwa, ya kuma tsaya a kan maganarsa ko da mai filin ya fi shi ƙarfi, domin rahoton da aka rubuta bayan an riga an zuba harsashi shaidar zur ce kawai da aka sa wa hatimi.

Irin wannan masani ba ya fitowa daga haddar takardun da malami ya raba. Wajibi ne a kan jami'a ta kai ɗalibanta juji na Gosa, su zauna da 'yan baban bola, waɗanda suka fi littafi sanin abin da Maitama ke zubarwa. Ta kai su Wupa inda ake tace ruwan ƙazanta, da madatsar Usuma da muke sha daga gare ta, da Mpape inda ake fasa dutse, inda kuma ƙasa ta yi ta girgiza a watan Satumba 2018. Shi kuwa uban da ke baƙin ciki, in ya ji shawarata, ya saya wa yaronsa takalmin roba, ya tura shi Lugbe a watan Agusta da ma'auni a hannu, ya auna inda ruwan bara ya bar alama a bangon mutane.