Ku daina koya wa yaranmu girka mataccen kayan aiki

1/ Malaman da ke koyar da DevOps a rukunonin WhatsApp da Telegram, yau da ku nake. Har gobe kuna tura wa ɗalibai darasin girka docker-machine. Sigarsa ta ƙarshe, 0.16.2, tun 2019 ta fito, kuma kamfanin Docker da kansa ya daina kula da shi. Ku kaɗai ne sanarwar ba ta iso wa ba?

2/ Ga wanda bai san zancen ba: kwantena wata dabara ce ta ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata, yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta. Amma dole sai da na'urar da za ta ɗauke ta. Aikin docker-machine shi ne ya ƙirƙira maka wannan na'urar, ya saka mata Docker, ka riƙa juya ta daga taminal.

3/ A zamaninsa ya yi rana, ban musa ba. Lokacin mai Windows ko Mac ba shi da hanya mai sauƙi sai ta VirtualBox. Yanzu fa? Akwai WSL 2. Akwai Docker Engine kai tsaye a kan Linux.

4/ Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan sakacin. Yaro ne a Kiru ko Tudun Wada, da laftof ɗin hannu ta biyu mai RAM 4GB, wadda sai an kai ta wurin mai cajin waya kafin a fara darasi. Data kuwa, tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, kowa ya san yadda ake ƙirga ta.

5/ Ya bi darasinku tiryan-tiryan. Ya sauke VirtualBox. Ya buga docker-machine create, abin ya fara janyo boot2docker, wanda shi ma ya tsaya tun siga ta 19.03. Sabis ya ɗauke, a koma farko. Da ƙyar ya gama, sai allo ya ce VT-x a kashe yake, a shiga BIOS. Babu wanda ya taɓa faɗa masa mene ne BIOS.

6/ Idan ma ya tsallake wannan, na'urar bogin za ta yanki 1GB daga RAM ɗinsa. Ya buɗe Chrome, laftof ta kwanta. Batir ya ƙare. Sai ya yanke hukuncin cewa shi ne ba shi da ƙwaƙwalwa. Wallahi yara masu kaifi da yawa a nan muke rasa su.

7/ Na birni zai shiga Farm Centre ko Beirut Road a duba masa. Na Riruwai, a can Doguwa, sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya ga mai gyaran da ya san Linux. Dam ɗin Tiga na Bebeji, amma ku tambayi ɗalibin Bebeji awa nawa laftof ɗinsa ke samun wuta.

8/ Sai salon koyarwar. Ana turo layi guda mai tsawo: curl, sudo mv, chmod +x, a ce "kwafa ka liƙa". Shikenan. Alhali darasin gaskiya yana cikin layin. curl yana sauko da fayil. uname yana tambayar kwamfutarka wace iri ce don a zaɓo wanda ya dace da ita. mv yana kai shi /usr/local/bin inda taminal ke neman umarni. chmod +x yana ba shi izinin aiki.

9/ Shi kuma sudo, makullin gidan ne gaba ɗaya. Ka saba wa yaro ya liƙa sudo a kan fayil ɗin da bai duba sha256 ɗinsa ba, gobe idan an ba shi sabar wani asibiti ko bankin 'yan kasuwa haka zai yi.

10/ Na san amsarku: "Ai GitLab na amfani da shi." Eh, suna riƙe da reshensu don buƙatar kansu. Wannan ba dalili ba ne na sa mai koyo ya fara daga can. Wasu kuma za su ce don sanin tarihi ne. To a faɗa masa tarihi ne, kar a karɓi kuɗinsa da sunan aikin yi.

11/ Ɗalibai, ko kuna 3MTT ko ajin unguwa, ga gajeriyar hanya. Ku sa Ubuntu, ku girka Docker Engine daga shafin Docker na ainihi. Kuna son sarrafa wata na'ura daga nesa? docker context create tare da ssh ya wadatar, yana cikin Docker tun 2019, ba sai kun sauke komai ba.

12/ Mutum ɗaya ya sauke hoton Ubuntu a inda sabis ke da ƙarfi, a raba a filash. Hoton kwantena ma haka: docker save a nan, docker load a can.

13/ Kafin ka girka kowane abu, buɗe shafinsa na GitHub ka duba ranar siga ta ƙarshe. Wanda kuma aka ba shi docker-machine a aji a bana, ya ajiye min hoton darasin a ƙasa, a rufe sunan malamin. Ina so in ga yawanmu.