Takin zamani kaɗai ba zai farfaɗo da ƙasar noma ba

Duk lokacin da farashin masara ko gero ya tashi a kasuwar Dawanau, tsadar takin zamani da ƙarancin ruwan sama ake fara ɗora wa laifi. Sai dai binciken masana ya daɗe yana nuni da wata matsalar da ba a cika ambata ba: ƙasar noman kanta ta gaji.

Ƙarfin ƙasa yana cikin ruɓaɓɓun ganyaye, saiwoyi, kara da kashin dabbobin da suka gauraya da ita. Su ne ke riƙe danshi da abincin shuka, kuma a cikinsu ƙasa ke adana sinadarin kabon. A yawancin gonakin arewacin Najeriya, wannan sinadari bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙaruwar zafi kuwa tana hanzarta ƙarewarsa, ya koma iska ya ƙara ɗumamar yanayi.

Gwajin da aka fara a Samaru ta Zariya tun 1950 ya ba da darasi. Filayen da aka yi shekaru ana zuba musu takin zamani zalla sun yi tsami, yayin da waɗanda aka haɗa musu da takin shanu suka fi riƙe ƙarfinsu.

Manufofin gwamnatoci sun makara wajen fahimtar haka. A taron Abuja na 2006, shugabannin Afirka sun mayar da hankali kan kai amfani da takin zamani kilo 50 a kowace hekta. Sai a taron Nairobi na 2024 lafiyar ƙasa ta samu matsayi daidai da na taki.

Cikas ɗin na tattalin arziki ne. Kara da harawa kuɗi ne a hannun manomi, don haka ba ya barin su a gona. Amma manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna mafita: tun shekarun 1980 suke rainon itatuwan da ke tsirowa a gonakinsu, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya zama taki. An ƙiyasta cewa sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Muddin kasafin noma ya tsaya kan rabon buhunan taki, ba tare da malaman gona da tallafin takin gargajiya ba, manomi zai riƙa ƙara kashe kuɗi don samun abin da ya saba girba. Mai sayen kwanon hatsi a birni ne zai biya bambancin.